Farin Da Ke Fitowa Kan Intalok Ba Jabun Siminti Ba Ne, a Daina Zuba Masa Ruwan Batir

Na gaji da jin rigima iri ɗaya duk shekara da zarar damina ta ɗauke. Daga cikin garin Bagudo har Kaoje, Illo, Lolo da Tsamiya, duk inda mai hali ya shimfiɗa intalok a tsakar gidansa, ko aka yi wa harabar masallaci ko gidan mai, ba a daɗewa sai ka ji ana cewa: "An cuci Alhaji, da jabun siminti aka yi masa aiki, ga shi nan ya fara fitar da gari." Wasu su ce simintin ƙetare ne aka shigo da shi ta ɓarauniyar hanya daga Benin. Wasu kuma, waɗanda komai a wurinsu hannun maƙiya ne, su ce barbaɗe aka yi a ƙofar gida. Daga nan sai a kira mai buga intalok a ci masa mutunci a gaban yaransa, a riƙe masa cikon kuɗinsa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne inda labarin ke ƙarewa: a aiki yaro wurin mai cajin batir ya karɓo ruwan batir a gora, a kwarara a kan daɓen wai za a wanke shi.

Wannan farin ba baƙon abu ba ne wurin masana gini. Ana ganinsa ko'ina aka yi aiki da siminti, tun daga Ingila inda Joseph Aspdin ya yi rajistar irin simintin da ake gini da shi a 1824. Sinadarin farar ƙasa ne da gishiri, ruwa ya narkar da su a cikin kankare, ya fito da su sama, ya bushe ya bar su a nan. Iyakarsa ke nan.

Amma tunda zargin jabu ya zauna daram a zukatan mutane, bari mu bi shi daki-daki.

Da me ake yin siminti? Da dutsen farar ƙasa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kalambaina a Sakkwato ya ga kamfanin simintin da ya fara aiki tun 1967, wanda yanzu yake hannun BUA, kuma ba don komai aka kafa shi a can ba sai don dutsen yana wurin. Haka Obajana ta Jihar Kogi inda kamfanin Dangote yake. Ana fasa dutsen, a haɗa shi da yumɓu, a gasa su a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,450, sannan a niƙa. To idan birkila ya kwaɓa wannan garin da ruwa ya fara kamawa, cikin abubuwan da kwaɓin ke haifarwa akwai wani sinadari da ake kira kalsiyam haidroksaid, kuma ba kaɗan ba ne, yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na simintin da ya kama. Shi wannan sinadari ruwa yana iya narkar da shi. Shi kuwa kankare, duk taurinsa, cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwan sama ya shiga, ko damshin ƙasa ya taso daga ƙarƙashi, sai ya ɗebo sinadarin ya biyo kafofin nan zuwa sama. Rana da iska su shanye ruwan, sinadarin ya haɗu da iskar kabon da ke cikin iskar da muke shaƙa, ya rikiɗe ya zama kalsiyam kabonet. Kalsiyam kabonet kuwa shi ne ainihin dutsen farar ƙasar da aka fasa tun farko. Wato ɗan abin da ke cikin siminti ne ya koma asalinsa a kan daɓenka.

Ka ga ke nan maganar ta juye. Abin da ake kafa hujja da shi a ce siminti jabu ne, shi ne abin da simintin gaske yake yi. Bulon da aka wadata da siminti, aka buga shi da kyau, yana iya fitar da fari a damina ta farko, kuma ƙarfinsa bai ragu da ƙwayar zarra ba, domin abin da ya fito ba shi ne ke riƙe da yashi da tsakuwa ba. Dalilin da ya sa ya fi tayar da hankali a kan jan intalok ko baƙi shi ne kala ta tona shi. A kan mai ruwan toka ma yana nan, ido ne bai cika kama shi ba.

Mu da muke wannan yanki ma bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba. Kakanninmu sun ci gishirin Foga. Kwarin Foga yana nan maƙwabtanmu a yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta wurin a 1853 ya tarar ana sana'ar gishirin. Yaya gishirin yake samuwa? Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tasowa da shi, rani ya busar da ruwan, farin ya kwanta a saman ƙasa, a kankare shi, a tace, a dafa. Babu wanda ya taɓa cewa ƙasar Foga jabu ce, babu kuma wanda ya ce wani ya bi dare ya barbaɗa. Abin da ke faruwa a can shi ke faruwa a kan intalok, sai dai sinadarin ya bambanta.

Shi ya sa lokacin fitowarsa ba ya ɓata. Daga watan Yuni zuwa Satumba daɓe yana shan ruwa. Oktoba ta wuce, iskar hunturu ta taso a bushe, sai ta dinga zuƙo damshin nan waje, farin ya bayyana. Ga shi ƙasarmu ƙasar kogi ce. Ta nan kogin Kwara ya shigo Nijeriya, garuruwa da yawa suna bakin fadama, ruwan ƙasa kusa yake. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ya san irin ruwan da ƙasar nan ke iya riƙewa. Gidan da ke kusa da fadama zai fi na kan tudu ganin farin nan, ko da kuwa mota ɗaya ce ta sauke musu siminti, mutum ɗaya ya buga musu bulon. Ruwa ba ya tsami banza. A nemi inda damshi yake fitowa kafin a nemi wanda za a ɗora wa laifi.

Sai maganar simintin Benin. Mu mutanen iyaka mun saba, duk abin da ya lalace sai mu ce na fasa-ƙwauri ne. To simintin da ake yi a Onigbolo ta Jamhuriyar Benin da dutsen farar ƙasa ake yin sa, kamar na Kalambaina, kuma ka tsallaka Segbana ko Malanville za ka ga farin nan a kan nasu daɓen, su ma suna share shi. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, aka shafe fiye da shekara a haka. Intalok ya daina fari a lokacin? A Birnin Kebbi da Kano da Abuja, inda ba su da Lolo ba su da Tsamiya, wa ya kai musu simintin Benin da nasu yake fari? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda ba shi da tushe.

Masu maganar barbaɗe kuwa, ga gwajin da ba ya buƙatar boka. Ɗebi ruwa a buta ka zuba a kan farin. Za ka ga ya ɓace, kalar bulon ta dawo. Jira ya bushe, za ka ga ya dawo inda yake. Ɗiga masa ruwan lemun tsami ko ruwan khal ka zuba ido, za ka ga 'yar kumfa tana tashi. Wannan halin farar ƙasa ne idan ta haɗu da tsami. Wane irin maƙiyi ne zai bi kowane bulo ya zagaye gefensa, ya fi yawaita a ƙarƙashin indararo da wurin alwala, ya tsallake inda rumfa ta rufe? Mu ji tsoron Allah. An raba zumunci, an zargi kishiya, an zargi maƙwabci a kan abin da ruwan sama ya yi.

Ban ce babu algus a harkar gini ba. Akwai shi, har ya yi yawa. Akwai masu buga bulo da ke matse buhu ɗaya su fitar da abin da ya kamata buhu biyu ya fitar, akwai masu sayar da simintin da ya sha damshi ya dunƙule a sito. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin mugun aiki yana da alamominsa daban. Ka ɗauki bulo biyu ka gwara su: mai kyau yana ƙara tsaf, maras kyau yana amsawa a dakushe. Ka karce gefensa da makulli: idan yashi na zubowa, an yi masa rowar siminti ko ba a ba shi ruwa ba bayan bugawa. Idan ana shara tsintsiya na kwaso yashi daga jikinsa, ko kusurwoyinsa suna gutsurewa tun kafin mota ta taka, to a nan kana da magana da mai aikin. Buhun siminti kuma ka duba lambar ƙarfinsa, 32.5 ko 42.5, ka tura hannu ka ji ko gari ne sumul ko ya yi ƙulalai. Da waɗannan ake kama maha'inci. Fari kaɗai ba shaida ba ce.

Yanzu ga ruwan batir, wanda shi ne ainihin masifar. Abin da ke cikin batirin mota asid ne mai suna salfurik. Gaskiya ne yana cinye farin nan take, har mai gida ya yi murmushi ya ce aiki ya yi. Amma asid bai san fari daban siminti daban ba, duka yake ci. Yana zagwanye fatar saman bulon, wadda ita ce mai santsi mai riƙe kala, ya bar yashi da tsakuwa a tsirara. Kafofin nan da muka ambata su ƙara buɗewa, ruwa ya ƙara samun hanya, wata damina farin ya dawo fiye da da. Bugu da ƙari, haɗuwar wannan asid da siminti tana haifar da jifsam, wanda shi kansa wani farin ne. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan ɓarnar dukiya ce kawai. Ta lafiya ta fi muni. Ruwan batir yana ƙone fata, yana huda tufafi, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum. Wanda aka tsiyayo daga tsohon batir kuma yana ɗauke da dalma, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Mutanen Zamfara ba su manta abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yaransu a 2010 ba. Shi ne za ka zuba a tsakar gidan da jaririnka ke rarrafe, inda kaji ke tsattsaga, ruwan ya gangara kusa da rijiya? Kuma a gorar lemo ake ɗauko shi, a ajiye a bayan ƙofa inda yaro zai iya ɗauka ya kai baki. Don Allah wane irin kyan daɓe ne ya kai wannan? Haka masu shafa baƙin mai don kala ta fito: sun mayar da tsakar gida wurin zamewar tsofaffi, tabon kuma ba ya fita. Masu shafa fenti a kai su ma asara suke yi, domin damshin da ke ƙasa zai ɗaga fentin ya ɓare.

To me za a yi?

Da farko, haƙuri. Idan daɓen sabo ne, a bar shi ya ga damina ɗaya ko biyu. Sinadarin da ke fitowa yana da iyaka, yana ƙarewa. Ruwan sama da takun ƙafa da tayar mota suna goge wanda ya fito a hankali. Yawancin daɓe da kansa yake washewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da an kashe ko sisi ba.

Na biyu, shara a bushe. Farin da yake kamar gari, wanda ke kama yatsa idan an shafa, burushi mai tauri ko tsintsiyar kwakwa sun ishe shi. A goge shi da rana bayan raɓa ta bushe, a kwashe garin a zubar can nesa. Kada a bar shi a wurin, domin ruwa na zuwa zai narke ya koma ciki. Kada a yi amfani da burushin ƙarfe, yana karce bulo, kuma ɓurɓushinsa yana barin tsatsa. Kuskuren da mata da yara suka fi yi shi ne kwarara ruwa bokiti-bokiti kullum safiya wai suna wanke farin. Ruwan nan shi ke ciyar da shi. Gara a share sau goma a wanke sau ɗaya.

Na uku, idan ya kama ya zama ɓawo, tsintsiya ta kasa, sai a koma ga tsami mai sauƙi. Farin ruwan khal da ake samu a kanti ya wadatar. A haɗa kofi ɗaya da kofi ɗaya na ruwa. A fara jiƙa wurin da ruwa mai tsabta tukuna, don bulon ya ƙoshi kada ya zuƙe tsamin ciki. A gwada a wani lungu da ido ba ya kaiwa, a jira ya bushe a ga ko kala ta canza. Idan lafiya, a zuba a ɗan ƙaramin wuri, kamar faɗin tabarma, a bar shi minti biyar, a goge da burushi, a ɗauraye sosai, a kore ruwan zuwa magudana, sannan a matsa gaba. A yi aikin da sassafe ko da yamma, kada a yi da tsakar rana lokacin da daɓe ya ɗauki zafi, domin zai bushe kafin ya yi aiki. Idan bai fita duka ba, a bari sai bayan mako a maimaita. Ruwan tsamiya kuwa a bar shi a kunu, yana barin jan tabo.

Na huɗu, babban wuri kamar gidan mai ko harabar makaranta, inda ɓawon ya yi kauri, akwai asid na wanke gini da masu kayan gini ke sayarwa, wanda ake kira haidrokulorik. Wannan aikin ƙwararre ne, ba na yaron gida ba. Ana sirka shi sosai, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma zuwa ashirin. Ruwa ake fara zubawa a bokitin roba sannan a tsiyaya asid a kai a hankali. Wanda ya zuba ruwa a kan asid yana iya fantsamo masa a fuska. Dole safar hannu ta roba, takalmin roba, tabarau mai rufe ido, a kori yara da dabbobi, a rufe shuke-shuke. Shi ma yana cin fatar bulo kaɗan, don haka ba abin yi ba ne kowace shekara.

Na biyar, ku riƙe wannan da kyau: kada a taɓa haɗa kowane irin asid, ko da ruwan khal ne, da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, tana iya kisa a rufaffen wuri. Idan kuma tsautsayi ya sa asid ya taɓa ido ko fata, a dinga kwarara ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa na aƙalla minti 20, sannan a garzaya asibiti. Kada a shafa manja, kada a shafa man goge baki.

Duk wannan magani ne. Rigakafin yana hannun mai bugawa da mai shimfiɗawa da mai gida.

Malam mai buga intalok, ka nemi yashi mai kaifi mai tsabta, wanda ba shi da laka. Kada ka cika ruwa a kwaɓi don aiki ya yi maka sauƙi, yawan ruwa shi ke barin kafofi. Ka bar injin ya girgiza shi ya matsu. Bayan bugawa ka ajiye shi a inuwa, ka rufe da leda ko buhu, ya zauna da damshinsa aƙalla kwana 7, kuma ka sani sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake buƙata. Kada ka sayar da ɗanyen bulo don mai gida yana gaggawar biki. Sannan ka buɗe baki tun ranar ciniki ka ce: "Alhaji, zai yi fari bayan damina, ba lalacewa ba ce, zai wuce." Wannan kalma ɗaya da ta kashe rabin rigingimun nan.

Mai shimfiɗawa, ka daddaɓe ƙasa ta zauna, ka zuba tsakuwa kafin yashi don ruwa ya samu wurin tsiyayewa. Ka ba daɓen gangare, kamar santimita 2 a kowace mita, ya fuskanci magudana, kada ya fuskanci gini. Tsakanin bulo da bulo busasshen yashi ake cikawa. Masu barbaɗa garin siminti a kai su share su yayyafa ruwa, su ne ke shafa wa sabon daɓe farin da ba ya fita da sauƙi. Inda mota za ta bi a sa mai kaurin milimita 80, na milimita 60 na masu tafiya a ƙasa ne.

Kai kuma mai gida, ka duba indararonka, ka sa masa bututu ya kai ruwa kwata. Ka gyara famfon da ke ɗiga da tankin da ke ambaliya. Wurin alwala da wurin wanki a yi musu magudana tasu. Sauran abubuwan da ke kawo fari, irin su ruwan burtsatse mai gishiri, buhunan takin zamani da aka jibge a kan daɓe, da fitsarin dabbobi, duk maganinsu ɗaya ne, a raba su da daɓen.

Wuri ɗaya ne nake so hankalinka ya tashi idan ka ga fari. In a gindin bango ne, filasta tana kumbura tana zubewa, to damshi ne ke hawa ginin daga tushe. In kuma a ƙarƙashin rufin kankare ne, fari na tsattsafowa tare da jan tsatsa, ruwa ya kai ga rodin da ke ciki. Wannan ba aikin tsintsiya ba ne, a kira injiniya ya duba tun kafin a yi da-na-sani. Abin takaici, wannan da ke da haɗari shi ake shafe wa da fenti a manta, na tsakar gida da ba ya cutar da kowa shi ake tayar wa da jijiyar wuya.

Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin magina na Bagudo da kewaye su isar da wannan ga jama'a. Masu cajin batir kuma, duk yaron da ya zo muku da gora yana neman ruwan batir don wanke daɓe, ku mayar da shi hannu rabbana, ku ce ya gaya wa mai gidan ya sayi tsintsiya. Wanda kuma ya san ya riƙe wa mai aiki haƙƙinsa saboda wannan farin, ya gwara bulon nan biyu ya ji ƙararsu. In sun amsa tsaf, ya kira bawan Allah ya biya shi kuɗinsa, ya nemi gafararsa.